Na Je Gaida Surukata Da Ilimin Asibiti, Na Dawo Da Darasin Inna

Uwargida, kin tuna ranar da kika fara taka ƙofar gidan surukanki? Kin tuna yadda kika rasa inda za ki sa idonki, kina ta gyara mayafin da ko zamewa bai yi ba? Ni tawa ranar ta zo ne a ƙarshen shekarar 2016, bayan an gama girbi, a garin Abare da ke ƙaramar hukumar Anka ta jihar Zamfara. Na tafi da goyon ɗan wata tara, da jaka cike da tsaraba, da kuma wani tsoro da ban gaya wa kowa ba, har shi maigidan. Tsoron nan ya sa na yi abin da har yau in na tuna sai na rufe fuska. Zan ba ki labarin, ko Allah ya sa ke ko 'yarki ku tsallake ramin da na faɗa.

Kusan shekara biyu ban ga fuskarta ba

Ni 'yar Zariya ce. Aikin jinya ya kai ni Gusau, a can muka haɗu da maigidana. Baffanninsa ne suka je neman aure, gwaggonninsa suka kai lefe. Mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Inna, ba ta zo biki ba saboda ciwon gwiwa ya hana ta doguwar tafiya. Muka ce bayan biki za mu je. Sai laulayi ya kama ni, damina ta zo ta ɓata hanya, na haihu na tafi wankan jego gida, na dawo na tarar da aiki yana jirana.

Muryarta kawai na sani, a waya, ranar da aka yi sa'ar sabis. Sai kuma saƙonninta: gero, kanwa, yajin jego, daddawa da man shanu a kwalba. Duk wanda zai shigo Gusau daga can sai ta ɗora masa ƙulli. Da yaron ya fara rarrafe, ta aiko da magana guda: ta gaji da jin kukan angonta a waya, a kawo mata shi ta gani.

Abin da na sani game da Abare

Matsalar ita ce na san sunan Abare tun kafin in san maigidana. A 2010 ina makarantar koyon aikin jinya lokacin da labarin ya cika gidajen rediyo. A watan Maris na shekarar, ma'aikatan ƙungiyar likitocin agaji ta MSF da ke bibiyar cutar sanƙarau suka gano yara ƙanana suna ta mutuwa a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Yaro zai fara amai, ya galabaita, ya shiga jijjiga, ya cika. An ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, an ba da na sanƙarau, babu sauƙi. Sai da aka gwada jini aka gane gubar dalma ce.

Farashin zinare ne ya tashi a duniya a shekarun, mutane suka duƙufa haƙa. Duwatsun da ake haƙowa a yankin kuwa suna ɗauke da dalma mai yawa. Aka riƙa kawo su cikin gida, ana farfasawa, ana dakawa a turmi, ana niƙawa a injin niƙan hatsi, ana shanyawa a tsakar gida inda yara ke wasa. Ƙurar ta shiga ƙasa, ta shiga abinci, ta shiga bakin yara. An ƙiyasta yara kimanin 400 ne suka rasu. Binciken da aka yi a ƙauyuka biyu da abin ya fara tsananta ya nuna yaro ɗaya cikin kowane huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar ya rasu a cikin shekara guda.

Garuruwan da aka fi ambata su ne Dareta, 'Yargalma, Abare, Tungar Guru, Tungar Daji, Sunke, Duza da Bagega. Daga 2010 zuwa 2011 aka kankare ƙasar saman gidaje a bakwai daga cikinsu, har da Abare, aka kai ta rami aka binne, aka zubo sabuwa. Bagega sai a 2013 aka yi mata. Na kuma san cewa gidan da aka tsabtace yana iya sake gurɓata in aka koma shigo da dutse.

To ki duba halin da nake ciki. Ɗana yana shekarun da komai ya samu sai baki, kuma za ni da shi garin da a karatuna ƙasarsa ce ta kashe yara. Maigidana bai taɓa ce min komai ba face, “Mu ma mun rasa yara lokacin.” Ni kuma ban tambaya ba. Na dai cika jaka da ruwan roba, da tsumman goge hannu, da wata shimfiɗar leda, na ƙudurta a raina ƙafar yaron nan ba za ta taɓa ƙasar Abare ba.

Isowa

Muka bar Gusau da sassafe, muka wuce Bungudu da Maru, muka karya a kwanar Mayanci zuwa Anka, garin Sarkin Zamfara. Daga nan kwalta ta ƙare mana, muka hau hanyar ƙasa. Duk ƙurar da ta taso sai in ƙara ja wa yaron mayafi a fuska. Maigidan ya dube ni sau biyu, bai ce komai ba.

Ko da muka isa, gida ya cika da matan unguwa, kowa ta zo ganin amaryar da ta tsufa ba a gan ta ba. Na cire takalmi daga nesa, na durƙusa na gaida Inna kaina a ƙasa. Doguwar tsohuwa ce, siririya, mai tsagen Zamfarawa a fuska.

“Maraba da mutanen Gusau. Kun taho lahiya?”

Aka kawo ruwa a kwanon sha, na kai bakina na ajiye ba tare da na haɗiya ba. Aka kawo fura da nono, na ce na ƙoshi. Kowa ya ɗauka kunya ce, har wata tsohuwa tana yaba tarbiyyar Zazzagawa.

Sai Inna ta miƙo hannu. “Miƙo man angona in gane shi.”

Na kwance goyon na ba ta. Ta ɗaga shi sama tana masa wasan kaka da jika: “Wanga miji ya taho hannu sake, ko kuɗin cehwane bai kawo man ba!” Mata suka kwashe da dariya. Yaron ya fara zillo yana son sauka, ita kuwa ta sunkuya za ta zaunar da shi a kan tabarmar da take kai.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na fizge shi daga hannunta, na ce da ƙarfi, “Inna kar a sa shi a ƙasa! Ƙasar nan akwai guba!”

Gida ya yi tsit. Magana zarar bunu ce, ta riga ta fita. Inna ta dube ni, ta dubi hannuwanta, ta ce a hankali, “Ku kai baƙuwa ɗaki ta huta.” Mata suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya.

Abin da idona ya gani da yamma

Ina zaune a ɗaki, na rasa abin da ke min daɗi, sai na lura da inda nake. Daɓen siminti ne sabo, an goge shi tas. Tabarmar da ke shimfiɗe ko karyewar naɗinta ba ta gama baje ba. A bakin ƙofa ga buta da sabulu.

Wajen la'asar sakaliya na leƙa ta labule. Wata yarinya ta yayyafa wa tsakar gida ruwa kafin ta sa tsintsiya. Can sai ga ƙannen maigidana biyu sun dawo daga wurin haƙa. Ba su shigo ba. A wani ɗan kewaye da ke waje da zaure suka yi wanka, suka sauya kaya, suka bar na aikin da takalmansu a can. Inna tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno daidai bakin zaure, tana kallon ƙafar kowa. Da aka zo cin tuwo, yaran gidan suka jeru, babbarsu tana zuba musu ruwa suna wanke hannu da sabulu, babu wanda ya ce musu su yi.

Duk abin da na karanta a littafi, ga shi ana yi a gabana.

Bayan isha'i faccalata, matar yayan maigidana, ta shigo da tuwo. Ta zauna ta ce, “Maman Abba, ki ci. Hatsin ga ba a injin gari anka niƙa shi ba, Inna ba ta yarda.”

Na ce, “Yaya, na yi abin kunya.”

Ta yi shiru, sannan ta ba ni labarin da mijina bai iya ba ni ba. A 2010 'ya'yanta uku. Biyu sun rasu a cikin mako guda, na farkon a kan cinyar Inna. A lokacin ana cewa iska ce, an yi hayaƙi, an yi rubutu. Na ukun aka kai asibitin Anka, ya sha maganin fitar da dalma ya rayu. Shi ne yaron da na gani da rana a gefen rumbu, ɗan shekara takwas, yana wasa shi kaɗai, maganarsa ba ta fita sosai.

“Ni da hannuna nika daka dutsen,” in ji ta. “A turmin da nika daka musu hura.”

Tun ranar da aka kankare ƙasar gidan, Inna ta rantse ko tsakuwar zinare ba za ta ƙara ƙetare zaurenta ba. Ta sa aka fitar da tsofaffin turame. Ta yi faɗa da 'ya'yanta maza har ɗaya ya yi wata ba ya cin tuwon gidan. Da ta ji za mu zo, ta sayar da akuyarta ta sa aka yi wa ɗakin daɓe, ta aika kasuwa aka sayo tabarmi biyu, ɗaya ta ɗakina, ɗaya wadda ta zauna a kai tana jiranmu. Wadda na fizge ɗana daga kanta ke nan.

Daren nan ban runtsa ba.

Amsar Inna

Da asuba, kafin gida ya tashi, na ɗauki yaron na nufi ɗakinta. Tana kan sallaya da carbi. Na durƙusa, na ajiye shi a kan tabarmarta, na ce, “Inna, na yi kuskure. Ki yafe min.”

Ta daɗe ba ta yi magana ba. Yaron ya rarrafa ya kama carbin yana ja.

“Ɗiyata,” ta ce, “abin da kinka karanta ga takarda, mu shi munka bizne. Uwar da ba ta ji ma ɗanta tsoro, ba uwa ba ce. Amma da kin tambaye ni.”

Shi ke nan abin da ta ce. Ta tura min ƙwaryar kunu, na sha har na ga gindinta. Kwanaki ukun da suka rage, ita ke tambayata ni ma ina tambayarta. Ta so ta san ko mai ciki tana iya sa wa ɗan cikinta gubar. Na ce ƙwarai, dalma tana taruwa a ƙashi ta yi shekaru, in ciki ya shiga sai ta sake fitowa cikin jini ta isa ga jariri. Washegari ta tara matan 'ya'yanta da na maƙwabta, ta ce, “Ga malamar asibiti, ku tambaye ta.” Maganar da na yi da tsawa ta kori mata, ita ce dai na maimaita a zaune kusa da Inna aka saurare ni.

Gubar da ke cikin jakata

Akwai sauran abin da ya ƙara sanyaya min jiki. Watanni bayan mun dawo ina karatu sai na ci karo da rahoton hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka na 2012. Wani jariri ɗan asalin Nijeriya a birnin Boston aka samu da dalma a jininsa. Da aka bincika, kwallin da ake sa masa a ido ne, kuma gwaji ya nuna fiye da kashi 80 cikin 100 na kwallin nan dalma ce. Rahoton har sunayenmu ya kawo, tozali da kwalli.

Na tashi na buɗe jakata. Ga tandun kwallin da aka ba ni lokacin jego, wanda nake rambaɗa wa yaron tun yana kwana bakwai. Har Abare na je da shi, a aljihu ɗaya da tsumman goge hannu. Ina ta tsoron ƙasar mutane, ga abin a hannuna. Ranar na daina, kuma ke ma ina roƙonki ki daina sa wa jariri kwallin dutse. Yaro yana murza ido ya kai hannu baki.

In tafiyar gaida surukai tana gabanki

Ga abin da zan gaya wa ƙanwata ta ciki ɗaya.

Ki tambayi mijinki tun kuna gida. Su wa za ki tarar, wa za ki fara gaisarwa, wa aka sa wa yaronki sunansa don kar ki kama sunan a gaban mutane. Ki tambaye shi kuma abin da gidan ya taɓa gani na rashi ko ciwo. Maza da yawa ba sa iya buɗe irin wannan da kansu, sai an zauna da su a natse.

In akwai abin da ke damunki game da lafiyar yaro, ki faɗa masa kafin ku hau mota. Shi ya san bakin da zai yi wa mahaifiyarsa magana. Da na yi haka, da tun a Gusau zai gaya min halin Inna.

Ki ba idonki kwana ɗaya kafin bakinki. Baƙo ko da ido makaho ne. Ki ga yadda ake shara, inda ake ɗebo ruwa, yadda ake ba yara abinci, sannan ki san ko akwai abin magana.

Ki nemi ƙawa a cikin gidan. Faccala, ƙanwar miji ko gwaggo, akwai wadda za ta faɗa miki abin da ba a faɗa a tsakar gida.

Kar kunya ta sa ki yi shiru a kan abin da zai cuci ɗanki. Ki dai zaɓi wuri da lokaci, ke da ita kaɗai, kuma ki fara da tambaya: “Inna, yaya kuke yi da yara a nan?” Tsohuwar da aka tambaya takan zama ita ce mai tsare miki dokar.

Ki karɓi abin da aka ba ki. In da dalilin da ba za ki ci ba, ki faɗe shi da ladabi. Ƙin shan ruwan gida ba ya ɓoyuwa, ni dai daga baya na ji Inna ta lura tun daga kwanon farko.

Ke kuma da Allah ya kai ki matsayin suruka, in yarinya ta zo tana ƙanƙame da ɗanta, ki yi mata uzuri. Sau da yawa tsoro ne, ba raini ba. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, Inna kuwa duka biyun ta yi min.

Abin da kowace uwa ya kamata ta sani game da dalma

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba ya cutarwa, kuma jikin ƙaramin yaro yana tsotse dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba. Ko kaɗan ce tana iya rage kaifin ƙwaƙwalwa ba tare da an ga alamar ciwo ba. In ta yi yawa sai a ga rashin cin abinci, ciwon ciki, amai, ƙarancin jini, kasala, yawan rigima, yaro ya manta abin da ya riga ya iya, har ta kai ga jijjiga. Gwajin jini ne kaɗai ke tabbatarwa. Maganin fitar da ita likita ne ke bayarwa, kuma ba ya amfani in yaro zai koma cikin ƙurar da ta sa masa ciwon. Ɓarnar da ta riga ta yi wa ƙwaƙwalwa kuwa ba ta gyaruwa.

Saboda haka, in a gidanku ko garin da za ki akwai masu haƙar ma'adinai, ko masu fasa tsohon batirin mota:

Kar dutse, ƙasa ko buhun aiki su shigo gida. Mai aikin ya yi wanka ya sauya kaya a waje, kayan aikin kuma a wanke su daban.

Turmi, inji ko kwanon da ya taɓa dutse kar ya ƙara taɓa abinci. Buhun da aka zuba dutse kar a zuba masa hatsi.

A yayyafa ruwa kafin shara, a goge ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma, a zaunar da mai rarrafe a kan tabarma mai tsabta.

A wanke wa yara hannu da sabulu kafin cin abinci, a yanke musu farce.

A ba su abinci mai ƙara jini da ƙarfin ƙashi, irin su zogale, wake, hanta, kifi da nono. Yaron da ke da ƙarancin jini ko ke yini da yunwa ya fi saurin tsotse dalma.

Mai ciki da mai shayarwa su nisanci wurin daka da niƙa dutse.

A farkon 2022 MSF ta miƙa wa gwamnatin Zamfara aikin kula da gubar dalma, bayan sama da shekara goma sha ɗaya. Zinaren dai yana nan a ƙasa, talauci ma yana nan, don haka tsaron zaure bai ƙare ba.

Yaron nan yanzu yana firamare. Rashin tsaron hanya ya sa ba ma zuwa Abare yadda muke so, sai dai waya, sai kuma ƙullin daddawa da har yau bai fasa zuwa ba. Duk sanda muka yi magana, bayan ta tambayi angonta, sai Inna ta ce, “To malamar asibiti, yau ƙasarmu ta yi tsabta ko da saura?” Ta yi dariya, ni kuma in rufe fuska ko da ba ta ganina.

Allah ya jiƙan yaran da aka rasa, ya ba iyayensu haƙuri, ya raya mana namu. Ke fa uwargida, yaya taki ranar farkon ta kasance a gidan surukai, kuma me kika so a ce an gaya miki kafin ki tafi?